Tambaya da amsa: In biya a wanke mini Facebook kafin in fita SIWES?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina aji uku a Jami'ar Jos, kuma mun kusa fita SIWES, wato shirin da ake tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu. Hankalina a tashe yake, don tun ina sakandare nake zuba shirme a Facebook: zage-zagen ƙwallo, musun siyasa, har da wasu maganganu masu zafi da na rubuta lokacin da gari ya rikice. Wani a unguwarmu ya ce in ba shi naira 10,000 da lambar sirrina, zai wanke komai yadda ko Google ba zai gani ba. In ba shi? Daga wani ɗalibi a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ba shi, ko da kyauta ya ce zai yi.

Wallahi na gaji da labarin waɗannan masu wankin. Babu wani mai shagon cajin waya da ke riƙe da mabuɗin rumbun Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ko na Google. Duk abin da zai goge da lambar sirrinka, kai ma za ka goge shi da yatsanka kana kwance a ɗaki. Wanda kuwa wani ya riga ya ɗauki sikirinshot ɗinsa yana cikin wayar wancan mutumin, ba mai iya taɓa shi.

Ga yadda takan kaya. Da ya shiga, sai ya ce ka turo masa lambobin da aka aiko maka ta tes. Kana turawa ya canza imel da lambar wayar da ke kan shafin, shi ke nan ka zama baƙo a gidanka. Daga nan 'yan uwanka su fara samun saƙo wai kana asibiti a taimaka, ko a cika shafin da tallan "zuba dubu biyar ka kwashi hamsin", da sunanka da hotonka. Hirarrakinka na Messenger kuma suna hannunsa, yana iya juyowa ya yi maka barazana da su. Idan wanda aka damfara ya kai ƙara a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, mai sunan da ke kan shafin za a fara nema. Ka je neman wanki, ka dawo da tambarin ɗan damfara.

Zauna ka yi aikin da kanka. A saitunan Facebook akwai inda aka jera duk abin da ka taɓa wallafawa, akwai kuma inda za ka mayar da tsofaffin rubuce-rubuce su zama na abokai kaɗai. Amma ka lura, sharhin da ka yi a shafukan jaridu da na 'yan siyasa yana nan a fili ko ka kulle naka, sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Mu masu ɗaukar ma'aikata ba ruwanmu da rigimarka da 'yan Arsenal. Abin da ke sa a ajiye takardar mutum a Jos shi ne zagin addini ko ƙabila. Ofishin da za ka je akwai Birom, akwai Ibo, akwai Bahaushe, kuma garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ba ya ɗaukar irin wannan magana da wasa. Da irin waɗannan rubuce-rubucen za ka fara gogewa.

Sannan ka gyara suna, "Ɗan Gayu Baba" ba zai yi ba. Facebook ba ya barin a sake canzawa sai bayan kwana 60, don haka ka sa wanda ke kan takardar da makaranta ta ba ka. Hoton WhatsApp ma ka duba shi, domin ta nan yawanci za a fara tuntuɓarka.

Idan kuma wani ya biyo ka ta Messenger wai yana sayar da gurbin SIWES, hedikwatar ITF, hukumar gwamnati mai kula da shirin, tana nan cikin Jos, ofishin SIWES na makarantarku ma yana nan. Taka ka je ka tambaya kafin ka tura wa kowa ko sisi.