Amsa ga mai tambaya kan baƙin dolfin

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka ga bidiyon wani dolfin, dabbar tekun nan mai siffar kifi, baƙi ƙirin a tsakiyar 'yan'uwansa masu ruwan toka, kana tambaya ko ɗanyen mai ne ya shafe shi. Da wuya. Fatarsu santsi gare ta kamar ta tarwaɗa, kuma kullum cikin saɓa take, mai ba ya zama a kanta ya koma launi.

Kafin in dawo gida Tudun Wada in kama koyarwa, na yi shekara bakwai a jirgin kamun kifi a tekun Legas. Da sassafe dolfin sukan yi tsere a gaban jirgi, kuma wallahi duk baƙaƙe za ka gan su. Sai ɗaya ya yi tsalle ya juya, ka ga farin ciki, na fata nake nufi ba na murna ba. Haka Allah Ya yi yawancinsu: baya duhu, ciki haske. Mai kallo daga sama ya ɗauka zurfin ruwa ne, na ƙasa ya ɗauka hasken rana ne. Wasu jinsunan kuma asalinsu baƙaƙe ne, babu abin mamaki.

Abin mamaki na gaske shi ne wanda jinsinsa masu zane ne, shi kuwa ya fito baƙi har ciki. Wannan yawan sinadarin melanin ne mai sa fata duhu, kishiyar zabiya, kuma yawanci da shi ake haihuwa, kamar baƙar damisa. An ga irinsu a tekun Niyu Zilan. Fari ne dai ke tara jama'a, dubi Migaloo, farin wel, ƙatuwar dabbar teku 'yar'uwar dolfin, da aka fara gani a Ostireliya a 1991. Baƙi sai ya wuce ta gabanka ba ka lura ba.

Rana ma tana taɓa su, don su ma masu shayarwa ne kamar ayu, dole su taso shan iska. A tekun Kalifoniya ta ɓangaren Meziko an gano shuɗin wel yana ƙara duhu idan rana ta yi ta dukansa, kamar mai tallan rake a bakin Kwangila. Amma wannan ba ya kai wa baƙi ƙirin.

Ka tsayar da bidiyon daidai inda ya yi tsalle, ka turo mana hoton cikinsa da haɓarsa mu gani.