Razdan jakada ne? Da ma'anar "shawara ɗaukar ɗaki"

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Malam, kakana yakan ce "zamanin Razdan". Shin Razdan jakadan Ingila ne a fadar sarki?

A'a, 'yata. Razdan shi ne Baturen da ke kan lardi. Kalmar aro ce daga Turanci wadda bakin Bahaushe ya gyara, kamar yadda ya yi wa Di'o da En'e. Di'o yana ƙarƙashinsa, kuma shi talakawa suka fi sani, domin shi ke fita rangadi yana bincikar haraji da jangali da littafin alƙali. A rubuce, a wajen sarki Razdan mai ba da shawara ne. To amma jakada saƙo yake isarwa ya koma. Ba ya leƙa baitulmali, ba ya sa baki a naɗin hakimi. Razdan kuwa duk yana yi.

Ita kalmar jakada ta girmi zuwan Turawa. A Kano, hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zuwa garuruwa karɓo haraji. Da Turawa suka tura kowane hakimi gundumarsa sai wannan aiki ya mutu, sunan ya koma kan wakilin ƙasa a wata ƙasa. Irin wannan wakili Ingila ta ajiye a Legas da Najeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, da mataimaki a Kaduna.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Mene ne asalin "shawara ɗaukar ɗaki", kuma ta dace da shawarar da Turawa ke ba sarakuna?

Malam, duk wanda ya tashi a karkara ya ga abin. A ƙasa ake haɗa jinka a baibaye ta, sannan a kira maƙwabta. Kowa ya kama gefe, a ɗaga lokaci guda a ɗora bisa bango. Gefe ɗaya ya saki, ta karkace. Manufar dai ita ce kowane hannu yana da nauyinsa a cikin magana.

Ni a ganina karin maganar ba ta hau kan shawarar Razdan ba, domin tasa ba a ƙin ta, kuma sarauta kanta a hannun Turawa take. A Katsina, a 1906 aka tuɓe Sarki Yero aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko. Wannan a Hausa umarni ne, ko da an lulluɓe shi da ladabi da gaisuwa ta bakin tafinta.

Sai dab da tafiyarsu al'amarin ya juya. Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, daga nan Gwamna Gawain Bell ya koma bin shawarar Firimiya Ahmadu Bello da ministocinsa a yawancin harkoki. Bell ya zauna a Kaduna har 1962, lokacin da Kashim Ibrahim ya gaje shi.