Za mu iya tilasta wa ɗan majalisarmu ya ƙi wani ƙuduri?

Tambaya: Barista, majalisar dokokin jiharmu na duba wani ƙuduri da zai hana wa'azi a bainar jama'a sai da lasisi. Ƙungiyarmu ta rubuta wa ɗan majalisarmu ya ƙi shi, ya yi kunnen uwar shegu da mu, alhali mu muka zaɓe shi. Kotu za ta tilasta masa?

Amsa: Malam, bisa yadda ka bayyana lamarin, da wuya. Zaɓen da kuka yi masa bai ɗaure hannunsa ranar kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Takardarku shawara ce. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ku damar bayyana ta, har ku buga a jarida, muddin ba ku ɓata sunan kowa ba. Amma bai tilasta masa ya bi ba, ko da yake shirun da ya yi muku bai dace ba.

Kuma kada ku ɗauka 'yancin addini da na taro da ke sashe na 38 da 40 ba su da iyaka. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita su saboda tsaro ko zaman lafiyar jama'a, in dai taƙaitawar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya. A nan gardamar take. Wa zai ba da lasisin? In an hana mutum, ina zai kai kuka? Kotuna galibi ba sa son shiga aikin majalisa kafin ƙuduri ya zama doka. Bayan ya zama, Babbar Kotu na iya soke abin da ya saɓa wa Kundin.

Kiranye a ƙarƙashin sashe na 110 yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar mazaɓa. Yunƙurin kiranyen da aka yi wa Sanata Dino Melaye ya mutu ne a 2018, a matakin tantance sa hannu.

Ni dai da za ku ji tawa, ku kai wa kwamitin da ke riƙe da ƙudurin takarda kafin zaman jin ra'ayin jama'a, ku nuna sassan da ke damunku da gyaran da kuke so, maimakon "a yi watsi da shi" kawai. Ku tafi da dattawan mazaɓa ku zauna da ɗan majalisar. In ƙudurin ya wuce, gwamna na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Shi ma ku rubuta masa.