Tambaya da Amsa: Ana Yanke Mini Albashi, Ina Tsoron Kora

Tambaya: Malam, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, Kano, mun haura mutum sittin. Albashina naira 45,000 ne. Duk ranar da na makara sai a cire 2,000. Watan jiya inji ya lalace, aka ce laifina ne, aka yanke mini 20,000. In na kai ƙara ina tsoron a sallame ni. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya kawo sauƙi. Tun kafin a zo maganar yanka, albashin naka ya saɓa doka. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma dokar ta hau kan kamfanoni masu zaman kansu. Waɗanda aka ɗauke wa su ne irin masu ma'aikata ƙasa da 25. Ku kun haura sittin, saboda haka kowane wata kana bin su 25,000.

Yankan ne ya fi ɓata mini rai. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana maigida cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Ko ɓarna ka yi da sakaci, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a taɓa kuɗinka, kuma duk abin da za a cire a wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Su sun kwashe kusan rabi. Gumin mutum ne fa, da iyali a gida suna jira.

Tsoron korar kuwa yana da dalili, ba zan ruɗe ka ba. Tsarin kare masu fallasa da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da shi a 2016 na masu tona satar dukiyar gwamnati ne, bai rufe irin matsalarka ba. Don haka kada ka tafi kai kaɗai. Ka adana takardar ɗaukar aiki da saƙonnin banki na kowane wata, ku haɗu ku da yawa ku rubuta koke zuwa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano. Ku shiga ƙungiyar ƙwadago, domin sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya hana korar mutum saboda shiga ƙungiya. In sulhu ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, a can za ku nemi bashin albashinku da abin da aka yanke.