Amsa: aksil na baya da kuɗi kaɗan

Malam, ka ce ka ƙara wa injin motarka ƙarfi ya haura doki 400, aksil na baya (ƙarfen da ke juya tayoyin baya) ya fara kuka, kuma kuɗin sabo ya fi ƙarfinka. Nemi aksil ɗin da ake kira Ford 8.8, ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga motar Ford Explorer ƙirar 1995 zuwa 2001. Sandunansa masu haƙora 31 ne, yana zuwa da birkin faifai, galibi da giya 3.73 ko 4.10 (wato sau nawa farfela, sandar da ke kawo ƙarfin inji, ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya). Aksil ɗin Ford 9 ya fi shi ƙwari, amma tsadarsa ba ta talaka ba ce. In ba ka samu 8.8 ɗin a nan Katsina ba, leƙa Ƙofar Ruwa a Kano.

Sharaɗi ɗaya: je da awon faɗin aksil ɗin naka, domin kan giyar na Explorer ya ɗan karkata gefe, dole a daidaita farfela. Ni nawa, mai walda ya ɗora mazaunin sifirin da ido kawai, ban kai Daura ba motar ta kama rawa kamar injin niƙa. Sai da aka yanke aka sake, na biya sau biyu.