Tambaya da Amsa: Wai samurai kullum cikin yaƙi suke?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Tambayata akan samurai ne na ƙasar Japan, a finafinai kullum zaka gansu da takobi ana ta sare-sare, to wai da gaske haka rayuwarsu take? Sannan da me suke ciyar da iyali tunda ban taɓa ganin sunje gona ko kasuwa ba? Daga ɗalibinka a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, amin na gode ɗan'uwa. Yaƙi kam an sha shi a Japan, sama da shekara 100 sarakunan yankuna suna gwabzawa da juna, amma abin ya lafa bayan Tokugawa Ieyasu yaci yaƙin Sekigahara a 1600, a 1603 aka naɗa shi shogun wato shugaban mulkin soja, ya kafa fadarsa a Edo, garin da yanzu ake kira Tokyo. Shi kuwa sarkin ƙasar yana can Kyoto, girma dai akwai amma iko babu. Gidan Tokugawa suka riƙe ƙasar har 1867, shogun 15 a jere. Daga lokacin da aka murƙushe tawayen Shimabara a 1638 sai da akayi sama da shekara 200 babu wani babban yaƙi, kaga kenan samurai da yawa an haife su sun tsufa sun mutu basu taɓa ganin filin daga ba.

To me sukeyi? Aikin ofis mafi yawa. Wannan magatakarda, wancan mai lissafin haraji, wani gadin ƙofar fada, wani kuma ba aikin ma sai zaman jira. Takobi biyun dake ɗamararsu ya koma alamar matsayi, dama tun 1588 Toyotomi Hideyoshi, wanda ya riƙe ƙasar kafin Tokugawa, yasa aka ƙwace makamai daga hannun manoma. Doka ta yarda samurai ya sare talakan da ya wulaƙanta shi, amma fa bayan nan akwai bincike kuma sai ya kawo shaida in ba haka ba shima ya shiga uku, shi yasa ba kasafai akeyi ba.

Maganar ciyar da iyali kuwa nan ne labarin yake. Albashinsu shinkafa ne. Akwai mudunsu da ake kira koku, kusan lita 180, a lissafinsu abin da mutum ɗaya zai ci a shekara. Sarkin yanki, daimyo, sai ƙasarsa tana bada koku 10,000 ko fiye, kuma sun kai wajen 260. Manomi ke nomawa a karɓe kashi 40 zuwa 50 cikin 100, daga nan ake yankawa samurai nasu. Matsalar itace albashin gado ne, abin da kakanka ya karɓa kusan shi zaka karɓa, alhali rayuwar birni kullum tsada take kuma mai itace da mai tufafi kuɗi suke so ba shinkafa ba, dole ka kaiwa dillali ya sayar maka. A Edo dillalan nan suna unguwar Asakusa dab da rumbunan gwamnati, tun suna karɓar la'ada har suka koma bada bashi da ruwa akan shinkafar da ba'a ma girbe ba. Kamar dai ma'aikacin da ya cinye albashin wata uku a wajen mai kanti tun kafin alat ya shigo.

Bashin yayi katutu har a 1789 babban jami'in gwamnati Matsudaira Sadanobu ya bada umarni a yafe tsofaffin basussukan da dillalan ke bin samurai ɗin shogun. Anyi murna, amma ta koma ciki, don dillalan da suka tafka asara sai suka ɗaure bakin jaka, mai neman rance ya rasa inda zai dosa. Ƙananan samurai da yawa sana'ar hannu suka kama a cikin gida, haɗa laimar takarda da makamantansu, wasu ma ɗan attajiri suke ɗauka a matsayin magaji a basu kuɗi, shi ya samu matsayi su su samu na cefane.

Su kansu daimyo basu tsira ba. Daga 1635 doka ta tilasta musu shekara ɗaya a Edo shekara ɗaya a gida, uwargida da magaji kuwa suna Edo dindindin, garkuwa kenan ko ba'a faɗa ba. Gidan Maeda, daimyo na yankin Kaga, in zasu taso tawagarsu takan haura mutum 2,000, ka lissafa ci da sha da masauki a hanya ga kuma gida biyu da ake riƙewa. A ganina wannan dabarar tafi kowane takobi aiki, wanda aljihunsa ya bushe ina yaga kuɗin tawaye.

Kuɗin nan duk hannun ƴan kasuwa suke zuba, mutanen da a tsarin hukuma sune a ƙasa, bayan samurai da manoma da masu sana'a. Edo ta haura mutum miliyan 1 a ƙarni na 18. A 1673 Mitsui Takatoshi ya buɗe kantin yadi mai suna Echigoya, farashi ɗaya ba ciniki kuma kuɗi hannu, daga nan babban gidan kasuwanci na Mitsui ya samo asali. A Osaka kasuwar shinkafa ta Dojima ta samu amincewar gwamnati a 1730, har cinikin shinkafar da bata iso ba akeyi a takarda. Wasan kwaikwayo na kabuki shima na mutanen gari ne, ba'a son ganin samurai a wajen, amma suna zuwa a sace da malfa sun rufe fuska.

Bayan mulki ya koma hannun sarki Meiji a 1868, a 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi ta kuma soke albashin gadon samurai ta basu takardun lamuni a madadinsa. Samurai na yankin Satsuma suka yi bore a 1877 ƙarƙashin Saigo Takamori, sabuwar rundunar gwamnati wadda yawancinta ƴaƴan manoma ne ta murƙushe su cikin shekarar.