Filin Tambayoyin Masu Karatu: Mun Bar Abincin Gwangwani, Me Ya Sa Jinin Bai Sauka Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana yana fama da hawan jini da ciwon sukari, likita kuma ya ce ya rage abincin kamfani. Na daina sayen taliyar leda da kifin gwangwani, amma awon jininsa bai sauka yadda muke fata ba. Me nake kuskurewa? Kuma idan muka tsare abinci, zai iya ajiye magani? Daga wata uwargida, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Matakin da kika ɗauka daidai ne, sai dai ina kyautata zaton babban mai laifin yana nan a madafinki, wato dunƙulen magi, wanda yawancinmu ba ma lissafa shi cikin abincin kamfani saboda ƙanƙantarsa.

Kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a dukkan abin da zai ci daga karin kumallo zuwa tuwon dare. To, ki duba tukunyar miyar kuka ta gida: an murƙushe dunƙule biyar ko shida, an barbaɗa gishiri, an jefa kanwa, sannan da aka zuba wa maigida ya jawo kwalbar yaji, wanda shi ma da dunƙule da gishiri aka daka shi. Ita kanwa, duk da cewa tun kaka da kakanni muke amfani da ita, tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ɓangaren gishiri da ke sa jiki ya riƙe ruwa har bugun jini ya hau. Haka tsire da kilishi da burodin mai shayi suke, ko da harshe bai ji gishirin sosai ba.

Shawarata ita ce ki rage dunƙulen sannu a hankali, ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi marar gishiri. Kada ki yanke shi rana ɗaya, domin miyar za ta yi salam, mutanen gida su yi tawaye, ki koma gidan jiya. Amma idan aka bi a hankali, cikin 'yan makonni harshe kan saba. Idan kin sayi abu a leda, ki karanta jikinsa: duk adadin sodiyam da aka rubuta, ki ninka shi sau biyu da rabi, shi ne nauyin gishirin da ke ciki. Akwai kuma wani gishiri da ake tallatawa mai sinadarin fotasiyam a madadin na gida, wanda bai kamata mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini ya taɓa shi ba sai da izinin likita.

Ta fuskar sukari, abin sha ya fi komai ɓarna. Kwalbar lemon kwalba mai rabin lita kan ƙunshi kimanin giram 50 na sukari, wanda shi ne kusan iyakar da hukumar ta gindaya wa baligi mai lafiya a yini guda, balle mai ciwo. Zoɓo da kunun aya da fura ba su tsira ba don an yi su a gida, muddin an ɗura musu sukari. Tuwon dawa da gero da acca da wake sun fi farar shinkafa da fulawa, musamman idan an haɗa su da zogale ko rama, amma malmala uku ta tuwon dawa ma za ta ɗaga sukari, don haka a kula da yawan abin da ake zubawa.

Game da ajiye magani kuwa, amsar ita ce a'a. Hawan jini kan yi ɓarna a ɓoye ba tare da ciwon kai ko jiri ba, kuma mutane da yawa sun gamu da shanyewar ɓarin jiki bayan sun daina shan ƙwaya don sun ji sauƙi. Gyaran abinci yana iya sa likita ya rage adadin maganin, amma wannan hukuncin nasa ne, bayan ya ga awo. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta awon jini da na sukari tare da kwanan wata, kuma idan awon jinin yana yawan kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, ku tafi da littafin wurin likitansa, ko a asibitin unguwa ne ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.